Daga Jibiya Zuwa Tudun Wada: Darasi Kan Iyakar Najeriya da Nijar

Ɗalibin da ke haya a Tukur-Tukur, yana auno wake da gero a kasuwar Tudun Wada, zai iya ɗauka cewa maganar iyaka ta mutanen Jibiya da Illela ce. To, ba haka ba ne. Farashin mudun da yake saye yana da alaƙa da abin da ke faruwa a can. Ga ’yan sashen kasuwanci da na mulki kuwa, wannan batu ne da ke iya fitowa a jarrabawa. Kar mu manta kuma, Malam Nuhu Bamalli da makarantarmu ke ɗauke da sunansa ya riƙe harkokin wajen ƙasar nan a jamhuriya ta farko.

Tsawon iyakar ya kai kimanin kilomita 1,500, daga Kebbi har Borno. Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin da suka ƙulla tsakanin 1890 da 1906, ba tare da shawara da mazauna wurin ba. Layin ya ratsa tsakiyar ƙasar Hausa. Maraɗi ai Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi, kamar yadda sarakunan Haɓe na Zazzau suka koma Abuja, wato Suleja ta yau. Shi ya sa za ka ga mutum gidansa na Najeriya, gonarsa na Nijar, surukansa kuma na ɓangarorin biyu.

A takarda, tsarin haɗin kai ya daɗe. An kafa hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu a 1971, hedkwatarta na Yamai. ECOWAS ta zo a 1975, sannan yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ya zauna kwana 90 ba biza.

Me ke ƙetarawa? Daga Nijar ana kawo shanu, tumaki, raƙuma, wake, albasa da aya. Daga nan ana kai masara, gero, dawa da kayan masarufi, yawanci daga Dawanau ta Kano. Manyan ƙofofin su ne Jibiya mai fita Maraɗi, Illela mai fita Ƙonni, Maigatari da Kongolam masu fita Damagaram, sai Kamba. Amma hanyoyin daji sun fi waɗannan yawa nesa ba kusa ba.

Ga inda nake so a natsu. Sefa a ɗaure take da yuro, kowane yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa tana hawa tana sauka. Idan naira ta faɗi, ɗan kasuwar Maraɗi mai riƙe da sefa sai ya ga masararmu ta yi masa araha, ya sayi tirela biyu inda da ɗaya yake saye. Buƙata ta ƙaru a Dawanau, dillalai su bazu kasuwannin ƙauye har yankin Zazzau suna tara hatsi, farashi ya tashi wa mai tuwo a unguwarmu. Shi kuma Bahaushen Najeriya mai sayo rago da sefa, tsada ta same shi, kowa ya ji a jikinsa da layya. Fasa-ƙwaurin fetur ma bambancin farashi ne ya haife shi: muddin akwai tallafi a nan, jarka tana da riba a can. Da aka janye tallafin a ranar 29 ga Mayu 2023, ribar ta ragu ƙwarai.

Sau biyu a ’yan shekarun nan aka gwada rufe iyaka. A Agusta 2019 gwamnatin Buhari ta rufe don hana shigo da shinkafa da makamai, har aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An buɗe Illela da Maigatari a Disamba 2020, Jibiya da Kamba sai Afrilu 2022. Na biyun ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ya kifar da Bazoum. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, ba a buɗe ba sai Maris 2024.

A ganina, rufewar ta fi cutar da mai bin ƙa’ida. Mai tirela da takardun kwastam shi ne ya maƙale, albasarsa ta ruɓe a mota. Mai babur da ya san daji bai fasa ba, sai ma ya ƙara kuɗi. Ɗan bindiga kuwa dama can ba ta ƙofa yake bi ba.

Nan ne maganar tsaro ta shigo. Ɓarayin daji sukan yi ta’asa a Sakkwato, Zamfara ko Katsina su tsallaka jihar Maraɗi, ko su yi can su gudo nan, don sun san soja ba ya bin su ƙetare sai da izini. Tun 2019 dubban mutanenmu suka yi gudun hijira zuwa Maraɗi. Ta gabas, rundunar haɗin gwiwa mai hedkwata a Njamena, wadda aka sake wa fasali a 2015, ita ke yaƙar Boko Haram a Tafkin Chadi, kuma a da sojojin Nijar ne suke riƙe da ɓangaren Diffa. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025 tare da Mali da Burkina Faso, a Maris kuma ta janye daga rundunar. Ke nan nauyi ya koma kan tattaunawar ƙasashen biyu kai tsaye, irin wadda aka kafa hukumar 1971 dominta.

Sai layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, kamfanin Mota-Engil na aikin. Zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Idan ya kammala, kuma aka haɗe shi da na Kaduna zuwa Kano da ke ratsa Zariya, buhun da aka ɗora a nan zai iya sauka Maraɗi ba tare da tsayawa a shingayen kan titi ba. Masu neman batun binciken kammala karatu, ku je Dawanau ku tambayi ’yan tirela nawa suke kashewa a shingaye daga Kano zuwa Jibiya, ku kwatanta da kuɗin man tafiyar.