Kafin ku sayi na'urar karanta maikurofim

Duk ɗakin karatun da ke son ɗaliban Gaya da Ajingi su binciki tarihin ƙasarsu a gida, to ya fara duba irin fim ɗin da zai iya samu kafin ya taɓa kuɗi. Tsofaffin jaridu irin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, galibi a nadi mai faɗin milimita 35 ake ɗaukarsu, takardun ofis kuwa sau da yawa a na milimita 16. Ku nemi na'urar da ke karɓar duka biyun, har da fallen maikurofish. ScanPro da ViewScan na cikin waɗanda aka ƙera don jama'a.

Ni abin da na fi damuwa da shi ƙura ce. Lokacin hunturu tana kwanciya a gilashi ta karce fim, kuma abin da ya karce ba ya gyaruwa. Gilashin ya zama mai sauƙin gogewa, a ɗinka wa na'urar murfi, a haɗa ta da batirin sola saboda ɗaukewar wuta.

Kada dillali ya ruɗe ku da cewa manhajarsa na karanta rubutu da kanta. Ajamin hannu ya fi ƙarfinta, ko ƙ da ɗ na boko tana rikita su. Ku sa ya gwada da fim ɗinku, ku ga ko wasulla sun fito sarai. Sannan ku tambaye shi wa zai gyara na'urar a Kano in ta lalace.