Kindirmo da Ƙwayoyin Halitta Masu Amfani a Hanjin Yara

Ba kowace bakteriya ce ke haddasa cuta ba. A hanjin ɗan Adam akwai ɗimbin waɗannan ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke taimakawa wajen narkar da abinci, su hana miyagun ƙwayoyi samun wurin zama, su kuma horar da garkuwar jiki. Jariri yakan fara samunsu tun ranar haihuwa, nonon uwa kuma shi ke ciyar da nau'in da ake kira Bifidobacterium.

Yadda madara ke zama kindirmo

A rugagen Fulani na ƙasar Ƙaraye da Rogo, akan tafasa madara, a bar ta ta huce, a zuba ɗan ragowar kindirmon jiya, a rufe ƙwarya ta kwana. Ragowar nan tana ɗauke da bakteriya irin su Lactobacillus, masu cin sukarin madara su mayar da shi sinadari mai tsami. Tsamin ne ke daskarar da madarar, ya kuma takura wa ƙwayoyin cuta da dama. Irin wannan aiki ne ke tsamar da kamu, sai dai ruwan zafin da ake dama koko da shi yakan kashe yawancinsu.

A 1907 masani Elie Metchnikoff ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da shan madara mai tsami. A 2001 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona suka bayyana furobayotik da cewa rayayyun ƙananan halittu ne masu amfanar jiki idan an sha isassu. A yau ana sayar da su a kwalba da leda.

Iyakar amfaninsu

Bincike ya nuna wasu nau'o'in na rage zawon da shan magungunan kashe bakteriya ke jawowa. Amma manyan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2018, a Amurka da Kanada, sun gano cewa furobayotik ɗin da aka ba yara masu amai da gudawa bai gaggauta warkewarsu ba.

Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Saboda haka tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar ruwan gishiri da sukari, tare da zink miligram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ko miligram 10 ga wanda bai kai wata 6 ba. A 2022 Nijeriya ta shigar da allurar rigakafin rota, wadda ake ɗigawa a baki, cikin rigakafin yara.

Kammalawa

Kindirmo abinci ne mai gina jiki ga yaron da ya wuce wata 6, muddin an tafasa madarar, domin ɗanya na iya ɗaukar tarin fuka na shanu. A guji wanda aka sirka da ruwan da ba a dafa ba. Idan yaro ya kasa shan ruwa, idanunsa suka faɗa, ko aka ga jini a bayan gidansa, a garzaya da shi asibiti.