Ciwon Ƙahon Zuciya Mai Tafiya Yana Komowa

A zangon da ya wuce, da aka rarraba mu makarantu domin gwajin koyarwa, ni aka tura ni wata firamare a ƙasar Kajuru, ba nisa da Kasuwan Magani. Na yi murna ƙwarai, gama gidan kawuna yana nan kusa, ba sai na nemi masauki ba. A gidan nan ne na fara koyon darasin da na ke so in ba ku yau, 'yan'uwana ɗalibai.

Kawuna manomi ne, ya ba hamsin baya. Shekara da shekaru yana fama da ciwo a ƙahon zuciya, watau ɗan ramin nan da ke ƙarƙashin ƙirji, sama da cibiya. Ya kan zo masa da tsakar dare, ko kuwa da hantsi in yana gona bai karya ba. Ya yi mako biyu ko uku yana cinsa, sa'an nan ya ɓace wata da watanni, har a manta. Maganinsa kullum ɗaya ne. Ya jiƙa kanwa ya sha, ya yi gyatsa, ya dube ni ya ce, "Ka gani, ɗana? Ya faɗa." In kuwa ya komo daga gona jiki ya yi tsami, sai ya aika a sayo masa garin maganin ciwon jiki na 'yar takarda, ya afa, ya kora da ruwa, ciki babu kome.

Ran nan da asuba ya fita kewayawa, yana komowa jiri ya kwashe shi a bakin ƙofa. Sai a sa'an nan inna, matarsa, ta gaya mini kwana uku ke nan bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta, ya hana ta faɗa. Muka nemi mota sai asibiti a Kaduna, aka yi masa ƙarin jini. Likita ya kira ni gefe ya ce, "Malam, gyambo ne a cikinsa ya ɓalle da jini. Da kun ƙara kwana, da wuya ya tashi." Tun daga ranar na shiga tambaya da karatu, ga abin da na samo.

Yadda tumbi ya ke aiki

Tumbi ya kan fitar da wani ruwa mai tsananin tsami, fiye da lita 1 kowace rana, domin narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cuta. Me ya hana ruwan nan cin tumbin kansa? Akwai wani yauƙi mai kauri da ya lulluɓe bangonsa daga ciki, kamar yaɓen da ke tsare ɗaki daga ruwan sama. In yaɓen ya raunana, ruwan tsamin ya kai ga nama, sai zafi ya tashi. In abin ya daɗe sai wurin ya zama gyambo, ko a tumbi ko a farkon ƙaramin hanji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ke tsaga bangon

Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori. Dā likitoci sun ɗauka damuwa da yaji ne ke kawo gyambon ciki, suna cewa ba abin da zai rayu cikin tsamin tumbi. A 1982 waɗansu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka yi nasarar renon ƙwayar a ɗakin bincike. Da aka ƙi yarda da su, a 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ita, cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura, ya kama amai. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ƙwayar nan, galibi tun suna yara su ke kamuwa, ta ƙazamin ruwa, da hannu marar wanki, da yawu. Yawancinsu ba ta damunsu, amma ga waɗansu ita ce tushen gyambo, har da ciwon daji na tumbi.

Na biyu magungunan kashe zafin ciwo ne irin su asfirin, da ibuprofen, da diclofenac. Suna rage ciwon jiki, amma suna rage yauƙin nan kuma. Da yawa daga garin magani da a ke sayarwa a tasha da kasuwa asfirin ne a ciki. Kawuna duka biyu aka samu gare shi, ga ƙwaya, ga gari.

Akwai kuma ƙwannafi, lokacin da ruwan tsami ya hauro maƙogwaro, musamman in an cika ciki aka kwanta. Taba da burkutu da ogogoro suna hana gyambo warkewa. Barkono, da goro, da zama da yunwa, ba su ne ke haƙa gyambo ba, amma su kan tsokane shi in yana nan.

Amma fa ba kowane ciwo a wurin nan ne na tumbi ba. In yana gefen dama, bayan an ci abinci mai maiƙo, yana harbawa kafaɗa, mai yiwuwa tsakuwa ce a madaciya. Ciwon hanta ma nan ya ke nunawa. Ga dattijo ko mai ciwon sukari, ciwon zuciya ya kan zo da kamannin ƙwannafi, tare da gumi da haki.

Magungunan gida

Kanwa tana kashe tsamin tumbi nan take, shi ya sa a ke jin sauƙi. Amma bayan ɗan lokaci tumbi ya sake zubo wani, gyambo kuwa yana nan yadda ya ke. Ga shi gishirinta yana da yawa, bai dace da mai hawan jini, ko mai ciwon ƙoda, ko mace mai ciki ba. Babban laifinta shi ne ta kan rufe bakin ciwo, mutum ya yi ta jinkiri.

Madara da nono haka su ke. A 1915 wani likita a Amurka, Bertram Sippy, ya fito da tsarin ba masu gyambo madara sa'a-sa'a, aka bi shi shekaru da dama. Daga baya aka gane madara tana sanyaya ciki na ɗan lokaci, sa'an nan ta sa tumbi ya ƙara tsami. A sha ta domin abinci ce, ba domin warkewa ba.

Citta, wadda mutanenmu na Kachia da Kwoi su ke nomawa har a kai ƙasashen waje, tana da amfani wajen tashin zuciya. A yanka ɗanya kamar rabin yatsa, a tafasa, a sha da ɗumi. In ta yi yawa kuwa ita ma ta kan tayar da ƙwannafi.

Waɗanda suka fi amfani ba a sha su ke ba, halaye ne:
1. A ci abinci kaɗan-kaɗan a kan lokaci, kada a wuni da yunwa sa'an nan a narki tuwo da dare.
2. A bar sa'a 3 tsakanin cin abinci da kwanciya.
3. Mai ƙwannafi ya ɗaga ƙafafun gado na wajen kai kamar inci 6.
4. In jiki na ciwo a sha farasitamol bisa ƙa'ida, a bar asfirin da 'yan'uwansa.
5. A bar taba da giya. Kowa kuma ya lura da abincin da ke tayar masa da ciwo, ya rage shi.

Yaushe za a tafi asibiti?

In ciwo ya wuce mako 2, ko kuwa yana tafiya yana komowa, a je a auna. Ana gane ƙwayar ta gwajin bayan gida ko na numfashi, wani lokaci a zura siririn bututu mai madubi ta baki a duba tumbi. Maganinta haɗi ne: masu kashe ƙwayoyin cuta iri biyu ko fiye, da mai rage tsami kamar omeprazole, yawanci kwana 14. Lalle a shanye duka, ko da an ji sauƙi ran na uku, in ba haka ba ƙwayar ta komo da taurin kai.

Waɗannan alamu kuwa ba a kwana da su a gida: aman jini ko amai mai kama da dusar gahawa, baƙin bayan gida, ciki ya ƙage kamar katako da ciwo mai tsanani, ido ya yi rawaya, rama ba dalili, wahalar haɗiya, ciwo da ke harbawa hannu ko muƙamuƙi, da mace mai ciki da ciwon ya zo mata tare da ciwon kai ko ganin hazo-hazo.

Aikinmu na malamai

Yawancinmu ƙauye za a kai mu, inda malamin makaranta ya fi likita kusa. Iyaye za su tambaye mu, kada mu mai da kanmu likitoci, amma mu san lokacin da za mu ce, "Baba, wannan na asibiti ne." A makaranta kuwa mu sa yara wanke hannu da sabulu bayan sun kewaya da kafin cin abinci, mu lura da randar aji da moɗarta. Da na koma aji biyar na zana tumbi a allo na ba su labarin kanwa, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce haka mahaifiyarta ta ke yi kowane dare. Na rubuta wa mahaifinta 'yar wasiƙa, ranar kasuwa ya kai ta aka auna.

Mu kanmu a nan kwaleji, masu karatun dare da goro da shayi ciki babu kome, mu duba halinmu. Kawuna ya shanye maganinsa, bana ma shi ya yi huɗar gonarsa. Kanwa dai ta koma tukunyar miyar kuɓewa.

Tambayoyi domin bita
1. Me ya hana ruwan tumbi cin tumbi?
2. Faɗi manyan abubuwa biyu da ke kawo gyambon ciki.
3. Don me sauƙin da kanwa ke bayarwa ya ke da haɗari?
4. Kawo alamu huɗu da ba a kwana da su a gida.