Amsoshin Tambayoyinku: Caitlin Clark da Pete Maravich

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: shin da gaske wata budurwa ta zarce Pete Maravich a ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka?

Malam, gaskiya ne. Ranar 3 ga Maris, 2024, Caitlin Clark ta Jami'ar Iowa ta wuce maki 3,667 da Maravich ya tara, tarihin da ya tsaya tun 1970. Ta kammala da maki 3,951.

Sai dai zamaninsu ba ɗaya ba ne. Maravich ya buga wa Jami'ar Jihar Luwiziyana shekara uku kacal, domin a lokacin ba a barin 'yan ajin farko su shiga babbar tawaga. A wasa 83, yana cin kimanin maki 44 kowane wasa, kuma babu jifar nesa mai maki uku. Clark kuwa ta yi shekara huɗu, wasa 139, kuma wannan jifar ce makaminta.

A yawan ci kowane wasa, Maravich na gaba nesa ba kusa ba. Amma Clark ta miƙa wa abokan wasanta ƙwallon da suka zura fiye da sau 1,000, ga kuma cika filaye da 'yan kallo.