Daga Filin Bayan Makaranta Zuwa Filin Jami'a

A fitowar wannan mako, mu 'yan kulob ɗin jarida mun ɗauko zancen da ya fi kowane yawo a bakin samarin makarantar nan, wato ƙwallon ƙafa. Kowa ya san da an tashi daga sallar la'asar filin bayan makaranta yake cika. Wasu da takalmi, wasu ƙafa ba komai, duwatsu biyu su ne raga. Ka tambayi kowane yaro abin da yake son zama, zai ce maka Ahmed Musa ko Zaidu Sanusi.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, a zangon da ya wuce wani abokinmu ɗan aji biyu ya daina zuwa makaranta. Duk cikinmu ba wanda ya kai shi iya yanka da ƙafar hagu. Da muka je gidansu muka tambaye shi dalili, sai ya ce ai taura biyu ba ta taunuwa, shi ƙwallo ya zaɓa. Wannan magana ta dame mu, muka kai ta wurin malaminmu na wasanni. Malam ya ce mu je mu binciko labarin wani ɗan wasa mai suna Abu Ɗanladi, mu ga ko gaskiya ne ba ta taunuwa. Ga abin da muka samo.

Wane ne Abu Ɗanladi?

Duk wanda ya ji sunan zai ɗauka ɗan unguwarmu ne, amma a Takoradi ta ƙasar Gana aka haife shi, a shekarar 1995. Yana yaro aka ɗauke shi a wata makarantar horar da 'yan ƙwallo mai suna Right to Dream, wadda wani Baturen Ingila, Tom Vernon, ya kafa a Gana a 1999. A makarantar nan ba ƙwallo kaɗai ake yi ba. Akwai lokacin aji, akwai lokacin fili, kuma ana duba halin yaro kamar yadda ake duba ƙafarsa. Daga can Mohammed Kudus ya fito, ɗan unguwar Nima ta birnin Akara, inda Hausa ke yawo a titi kamar a nan.

Yaran makarantar hanya biyu suke bi. Wasu, irin su Kudus, kulob ɗin Turai ke ɗaukarsu in sun cika shekara 18. Wasu kuma ana samo musu tallafin karatu a Amurka. Hanya ta biyu Ɗanladi ya bi. Ya shiga wata sakandare mai suna Dunn a jihar Kalifoniya, yana karatu yana buga wa makarantar wasa. A 2014 aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon makarantun sakandare na Amurka baki ɗaya. A shekarar ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, wadda ake kira UCLA. A kakarsa ta farko ƙungiyar jami'ar ta kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'in ƙasar, Jami'ar Bajiniya ta doke su a bugun fenareti.

A Amurka, kulob-kulob na babbar gasar ƙasar suna zama sau ɗaya a shekara su zaɓi 'yan wasa daga jami'o'i, bi da bi. A zaɓen watan Janairun 2017, Abu Ɗanladi aka fara kira, kulob ɗin Minnesota United ya ɗauke shi bayan ya yi kaka uku a UCLA. Ya ci ƙwallo 8 a shekararsa ta farko.

Abin lura a nan: a jami'o'in Amurka, komai iya ƙwallon mutum, sai an duba sakamakonsa na sakandare kafin a ba shi izinin buga wasa. Bayan ya shiga ma, in makinsa ya faɗi ƙasa da abin da aka ƙayyade, benci zai zauna. Ke nan da Ɗanladi ya yi irin zaɓin abokinmu, da ƙofar ba ta buɗe masa ba.

To mu nan fa?

Wani zai ce ai wannan zancen Amurka ne, mu da muke Kasuwar Daji ina mu ina Kalifoniya? Gaskiya ne yara ƙalilan ne ke samun irin wannan dama. Amma Malam ya nuna mana cewa mu ma a Najeriya manyan makarantu suna da gasanninsu. Jami'o'i suna da NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna da NIPOGA, kwalejojin horar da malamai kuma NICEGA. A 2018 aka fara gasar ƙwallon ƙafa zalla ta manyan makarantu mai suna HiFL.

Kuma ba sai mun yi nisa ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, an kafa ta tun 1983. Ga Jami'ar Tarayya a Gusau, wadda aka kafa a 2013. Ga Kwalejin Ilimi a Maru, ga Kwalejin Abdu Gusau a Talata Mafara, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Sharaɗin farko na buga wa kowace ɗaya daga cikinsu wasa guda ne: ka zama ɗalibinta. Ba a saka wa wanda ba ya cikin rajista jesin makaranta.

Akwai wanda ya taɓa tauna taurar nan biyu a ƙasar nan. Segun Odegbami, wanda ya tashi a Jos, ya karanta injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan, irin tamu ta Ƙaura. Har laƙabi aka yi masa da ke nufin mai lissafi, saboda yadda yake auna wasansa. A 1980, ranar da Najeriya ta ɗauki kofin Afirka karon farko, ta ci Aljeriya 3 da nema a Legas, shi ya jefa biyu. Abokin wasansa a tawagar, Adokiye Amiesimaka, lauya ya karanta a Jami'ar Legas. Na kusa-kusa kuma, Wilfred Ndidi ya shiga jami'a a Ingila a 2019 yana tsaka da buga wa Leicester wasa.

Matakala biyar

Mun zauna da Malam mun tsara hanyar daga benci da muke kai yanzu har zuwa filin babbar makaranta.

Ta ɗaya, jarrabawar aji uku. Ita ce take kai mu babbar sakandare. Wanda ya yi wasa da ita ya tsaya tun a ƙofar gida.

Ta biyu, kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi. Waɗannan biyun su suka fi kayar da yayyenmu, kuma ba a aji shida ake koyonsu ba, yanzu ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta uku, jarrabawar JAMB. Darussa huɗu ne, Turanci dole, maki 400 ne gaba ɗaya, kuma a kwamfuta ake yi. Don haka duk wanda ya samu damar taɓa kwamfuta kada ya ji kunya, ya koya.

Ta huɗu, atisaye mai tsari. Malam ya ce yaro mai shekarunmu ba ƙarfi zai nema ba, gwaninta zai nema: tare ƙwallo, ba da ita daidai ƙafar ɗan uwa, bugu da ƙafar da ba ta saba ba, da ɗaga kai a duba fili kafin ƙwallo ta iso. Bangon gida ma koci ne. Ka buga masa da dama ya dawo maka, ka buga da hagu, kullum na ɗan lokaci. A ɗumama jiki kafin wasa, a sha ruwa sosai musamman da bazara, a yi barci da wuri. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nono, awara da zogale duk suna gina jiki, kuma duk akwai su a kasuwarmu. Sigari, sholisho da ƙwaya kuwa su suke fara kashe numfashin ɗan wasa.

Ta biyar, buga wa makaranta. Gasar gida-gida da wasan sada zumunci da wasu makarantu su ne wuraren da ake fara ganin yaro. A nan ake koyon bin umarnin kyaftin da haƙuri da hukuncin alƙalin wasa. Duk takardar shaidar da aka ba ka, ka adana ta tare da sakamakon jarrabawarka.

Ramuka biyu a kan hanya

Rami na farko shi ne rage shekaru. Mun sha jin ana cewa kowa ma yana yi. To, tun 2009 hukumar FIFA take amfani da na'urar da ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance 'yan ƙasa da shekara 17. A 2016, 'yan wasa 26 na tawagar Najeriya suka faɗi wannan gwaji dab da wasa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu, alhali mu ke riƙe da kofin duniya na 2015. Ban da haka, babbar makaranta tana gwada ranar haihuwar da ke takardunka. In wannan ta ce kaza, waccan ta ce kaza, kai za ka sha wahala. Mu roƙi iyayenmu su karɓo mana takardar haihuwa ta gaskiya, mu tsaya a kanta. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya.

Rami na biyu shi ne dillalan bogi. Wannan a unguwarmu ya faru. Wani mutum ya zo da jesi masu kyau da hotuna a waya, ya ce zai kai wani yayanmu gwaji ƙasar waje. Babansa ya kai sa guda kasuwa ya sayar, aka ba mutumin kuɗin fasfo da na jirgi. Daga ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Yayan namu ya riga ya bar makaranta a aji biyar saboda wannan tafiya, yanzu dakon buhu yake yi ranar kasuwa. Da sun san dokar FIFA da ba a cuce su ba: ba a yarda kulob ya ɗauki yaro daga wata ƙasa kafin ya cika shekara 18 ba, sai a wasu 'yan yanayi kaɗan. Duk wanda ya ce zai kai ɗan shekara 14 Turai in an ba shi kuɗi, a kai maganarsa wurin shugaban makaranta kafin a kwance dabba daga turke.

In ƙafa ta ƙi fa?

Wannan ita ce tambayar da muka fi so abokinmu ya yi wa kansa. Abdullahi Nura da Sadiq Umar tare suka je Italiya, tare kulob ɗin Roma ya ɗauke su. Sadiq ya ci gaba, har ya ci wa Najeriya ƙwallo biyu a wasan da ta samu tagulla a gasar Olamfik ta 2016. Nura kuwa a 2019 likitoci suka tsayar da shi saboda ciwon zuciya, yana da shekara 21 kacal. Ba laifinsa ba ne, ba kuma rashin iyawa ba ne. Shi kansa Abu Ɗanladi raunuka sun sha zaunar da shi. In haka za ta faru da waɗanda suka kai can, ina ga mu da muke wasa a fili mai tsakuwa, ba likita kusa?

Wanda ya bi ta makaranta, ko ƙafa ta ƙi, bai rabu da ƙwallo ba. Zai iya karanta ilimin motsa jiki da lafiya ya zama malamin wasanni kamar Malam. Zai iya zama koci, ko alƙalin wasa, ko mai gashin ƙashi na asibiti da ke kula da 'yan wasa, ko mai sharhin wasanni a rediyo. Wannan na ƙarshen mu 'yan kulob ɗin jarida muke hange, mata da maza.

Mun san ba a cikin sauƙi muke karatu ba. Yayyenmu suna tuna watan Satumbar 2021 da aka rufe dukkan makarantun Zamfara saboda matsalar tsaro, kuma har yanzu akwai ranakun da iyayenmu ke cewa kada kowa ya je fili. 'Yan uwanmu na Shinkafi da Zurmi ma sun san wannan. Amma shi ya sa ranar da aji yake buɗe bai kamata a bar benci ba kowa ba. Ranar da tsoro ya hana mu karatu ba mu muka zaɓa ba. Ranar da muka gudu fili lokacin Lissafi kuwa mu muka zaɓa.

Roƙonmu

Ga malamanmu: muna roƙo a dawo da wasan aji da aji, kuma a sa sharaɗi, wanda bai cika zuwa makaranta ba kada a ba shi jesi. Ga iyayenmu: a bar mu mu yi wasa bayan la'asar in mun gama aikin gida da na islamiyya, kada ƙwallo ta zama abin da ake yi a ɓoye. Ga 'yan uwa ɗalibai: kowa ya ɗauki takarda ya rubuta makinsa na Turanci da Lissafi na zangon da ya wuce, ya rubuta wanda yake so ya samu a wannan zangon, ya liƙa a cikin jakarsa.

Shi kuma abokinmu mai ƙafar hagu, mun kwafe wannan rubutu a takarda za mu kai masa gida ranar Juma'a. Malam ya ce in ya dawo da babansa, shi zai raka su ofishin shugaban makaranta. Wurinsa a benci na uku yana nan, lamba 11 ma ba mu ba kowa ba.

Tambayar mako: kiredit nawa muka ambata a matakala ta biyu, kuma waɗanne darussa biyu muka ce su kasance a ciki? A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis.

Mu haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.