DARASI: JIRGIN SAMA MAI YAƘI DA WUTAR DAJI

A ƙasashe kamar Faransa, Kanada da Amurka, in wuta ta kama daji akan tura jiragen sama su taimaki masu kashe ta. Bari mu duba yadda suke aiki, da abin da za mu ƙaru da shi.

Yadda jirgin yake aiki

Wanda ya fi suna shi ne Canadair, ƙirar Kanada. Yakan sauko ya shafi ruwan tabki ko teku yana gudu. Cikin daƙiƙa 12 ya kwashi wajen lita 6000, wato tano 30. Sai ya tashi ya juye ruwan bisa wuta.

Wasu jiragen jan ruwa suke ɗauka, wanda aka gauraya da sinadari irin na takin zamani. Gaban wuta ake zuba shi, domin ciyawa da itace su ƙi kamawa. Jan launin yana nuna wa matuƙi inda aka riga aka zuba.

Haɗarin aikin

Tilas matuƙi ya sauko ƙasa-ƙasa, cikin hayaƙi da iska mai zafi. A shekarar 2002, a Amurka, fukafukan tsofaffin jirage 2 suka karye a sama, mutum 5 suka rasu. Bincike ya nuna ƙarfen ne ya gaji ya tsage. A 2004 hukuma ta dakatar da manyan jirage 33. A 2023 kuma wani Canadair ya faɗi a ƙasar Girka, matuƙansa 2 suka mutu.

Gyaran da aka yi

An tsananta duba ƙarfen jirage. A Amurka, ƙaramin jirgi yakan wuce gaba ya nuna wa babba hanya. Matuƙi yana magana ta rediyo da mutanen ƙasa, don kada ruwa ya faɗo musu, gama nauyinsa yana iya kashe mutum. A Faransa, ranar da iska da zafi suka yi yawa, jirage suna shawagi da kayansu tun wuta ba ta tashi ba. Nufinsu su cim mata cikin minti 10 na farko.

Duk da haka, jirgi rage ƙarfin wuta yake yi. Mutanen ƙasa ne suke ƙarasa ta.

Abin da ya shafe mu

A makiyayarmu ta Abalak, Dakoro da Tanut, wuta takan cinye ciyawa bayan damina, dabbobi su shiga rani da yunwa. Manyan ruwaye sun yi nisa da waɗannan wurare. Amma aikin da jan ruwan nan yake yi, hannunmu ma yana yinsa: ita ce hanyar tare wuta. Akan share ciyawa fāɗin mita 15 zuwa 20, a gicciye wa iska. In wuta ta iso, ta rasa abin ci. Ciyawar da aka kwashe kuma a ajiye wa dabbobi.

Mu share hanyoyin da zarar ciyawa ta fara bushewa. Mu binne wutar shayi da ta girki kafin mu tashi. In mun hangi hayaƙi, mu sanar da maigari da ma'aikatan gandun daji nan take. Tun ice yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Ina ake zuba jan ruwa, kuma don me?
2. Me ya sa Faransa take gaggawar cim ma wuta?
3. A karkararku, wane wuri ya kamata a fara sharewa?