Waɗanda Ba Sa Shiga Takarda Idan Ruwa Ya Ci Gona

Duk lokacin da ambaliya ta ci gonaki a yankinmu na Kura da Bunkure, tambayar farko da ake yi ita ce: gonar waye, kuma eka nawa? Tambaya ce mai kyau, amma a aikina na jami'ar walwalar jama'a na ga irin mutanen da take bari a waje.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwan da ke bin kanal zuwa Kadawa da Garun Malam da Kura da Bunkure ya mayar da wannan yanki wurin da ake noma rani da damina. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Sai dai gona ɗaya ta shinkafa ko tumatir ba mai ita kaɗai take ciyarwa ba. Akwai wanda ya karɓi haya ya zuba bashin taki da iri. Akwai ɗan ƙwadagon da ke dashe da yanka. Akwai matan da ke shiƙa a biya su da awo, da tsofaffin da ke bin kala, da matan Kura da ke sayen shanshera su turara a cikin gida su kai kasuwa. Idan gona ta nutse, duk waɗannan sun nutse tare da ita, amma sunan mutum ɗaya ne a takarda.

Ba ruwa kaɗai ba ne ma. A 2016, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir, masu tsinka da masu saƙa kwando da masu lodi a Kwanar Gafan duk sun zauna hannu rabbana. Ba wanda gidansa ya rushe, don haka ba wanda ya kira su waɗanda iftila'i ya shafa.

A 2022, shekarar da ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya ta kuma raba sama da miliyan ɗaya da muhallinsu, hukumomin agajin gaggawa, NEMA ta tarayya da SEMA ta jiha, sun fita da hatsi da tabarmi da kwanon rufi. Nasu aikin ke nan. Namu kuwa yana farawa ne daga ƙofar zaure zuwa ciki.

Rabon agaji layi ake yi, shi kuwa layi mai ƙarfi ne ke cin sa. Matar da ke takaba, wata huɗu da kwana goma ba za ta fito ba. Makaho ba zai iya turereniya ba. Dattijon da a bara shi ke ba wasu hatsi, kunya ba za ta bar shi ya tsaya a bainar jama'a ya miƙa hannu ba. Gara ya sayar da akuyar matarsa a ɓoye. Irin waɗannan gidaje sai an shiga, an zauna, an gaisa sosai. Mace ba za ta ce miki "ba mu da abinci" ba. Za ta ce, "Hajiya, ana dai rufin asiri." Ke ce za ki dubi murhu ki ga ko an hura shi yau.

Abin da ya fi damuna shi ne watannin da ke biyo baya, bayan motocin agaji sun tafi. A nan ne gida ke fara warwarewa a hankali. Mai bashi ya fara sallama. Maigida ya daina zama majalisa, wata rana da asuba ya hau mota ya yi kudu ba sallama. A cire yarinya daga makaranta a ɗora mata talla, ko a gaggauta aurenta don a rage baki. Yara suna wasa a ruwan da ya kwanta, ga zazzaɓin cizon sauro, ga tsargiya, ga amai da gudawa idan rijiya ta haɗu da masai. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da buhun shinkafa zai magance shi kaɗai.

Yawancin abin da muke yi ba ya cin kuɗi, zirga-zirga yake ci. Mukan zaunar da mai bashi da wanda ake bi a gaban dagaci, a ɗaga biya zuwa girbin rani, a rubuta da shaidu. Mukan je wurin shugaban makaranta don a bar yarinya ta dawo ko da ba ta da kayan makaranta. Mukan roƙi uwar adashi ta sa wadda jarinta ya karye a ɗauka ta gaba. Mukan tuna wa liman cewa zakkar amfanin gona, ushuri ko rabin ushuri, da manyan manoman da ruwa bai taɓa ba za su fitar, tana da masu ita a nan cikin unguwa kafin ta tsallaka wani gari. A ganina wannan ita ce taska mafi kusa, kuma ita aka fi sakaci da ita.

Roƙona ga masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa shi ne kada a jira ruwa ya zo. Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, NIHSA kuma ta bayyana wuraren da ake fargabar ambaliya. Da zarar an ji, a zauna a rubuta sunayen zawarawa masu marayu, da masu buƙata ta musamman, da 'yan haya, da gidajen ƙasa da ke kwari. A sa mace cikin masu rubutawa, domin namiji iyakarsa zaure. A bar kwafi ɗaya wurin dagaci, ɗaya kuma a kawo sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma kafin watan Agusta.